Gyaran Jerin Haƙora Daga Nesa: Ina Ribar Take Ga Garuruwa Irin Su Kontagora?

Daga cikin sassan aikin likitancin haƙori akwai wani fanni na musamman da ya shafi daidaita jerin haƙora da zaman muƙamuƙi, wato gyaran haƙoran da suka hau kan juna, ko suka turo gaba, ko kuma na sama da na ƙasa suka ƙi haɗuwa yadda ya kamata. A nan ba wushirya ake nufi ba, domin ita a ƙasar Hausa ado ce, kuma da wuya a sami mai biyan kuɗi don a toshe masa ita. Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a Nijeriya, kuma akasarinsu suna Ikko da Badun da Binin da Abuja, sai kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano.

Abin da ya bambanta wannan aiki da cire haƙori ko cike shi shi ne tsawon lokacinsa. Idan aka ɗaura wa yaro wayar ƙarfe, aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma kowane mako huɗu zuwa takwas sai ya koma wurin likita an ƙara ɗaure ta. To a ɗauki magidanci a Kontagora wanda ya sami likita a Minna, tafiyar kusan kilomita 200 ta Tegina da Zungeru. In ana komawa duk bayan mako shida har shekara biyu, zai yi zuwa kamar 17, wato kimanin kilomita 6,800 zuwa da dawowa. Kuɗin mota na mutum biyu, da abinci, da ranakun kasuwa da makaranta da suka salwanta, da fargabar hanyar da ta sha fama da matsalar tsaro, duka ba sa cikin takardar da asibiti zai rubuta, alhali kuwa su ne kan sa iyaye su haƙura tun ba a fara ba.

Wannan ɓoyayyen tsada ne sababbin na'urori suka zo ragewa. Na'ura ta farko ita ce mai ɗaukar siffar baki, wadda ake zagayawa da ita a kan haƙora na 'yan mintoci, ta fitar da cikakkiyar surarsu a na'ura mai ƙwaƙwalwa, a maimakon cusa ƙullin awo a baki a zuba siminti. Ana iya tura wannan sura ta intanet ga ƙwararre ko yana wace ƙasa. Ta biyu ita ce kuben roba mai haske kamar gilashi, wanda kamfanin Align Technology na Amurka, da aka kafa a 1997, ya yi fice da shi da sunan Invisalign. Akan ƙera jerin kube, kowanne ya ɗan matsa haƙora gaba kaɗan, mai jinya ya sa shi awa 20 zuwa 22 a kullum, ya sauya bayan mako ɗaya ko biyu. Ta uku kuma ita ce sa ido ta wayar hannu, inda mai jinya ke ɗaukar hoton bakinsa ya aika, likita ya duba ya ce a ci gaba ko a zo. Kamfanin DentalMonitoring da aka kafa a Faransa a 2014 a kan wannan ya gina cinikinsa.

Sai dai kafin wani mai jari ya yi ɗoki, ya kamata ya san labarin SmileDirectClub. An kafa wannan kamfani a Amurka a 2014 bisa tunanin cewa za a iya kawar da zuwa asibiti gaba ɗaya: mutum ya auna bakinsa a gida ko a shagon kamfanin, likita ya amince daga nesa, a aiko da kube ta gidan waya a farashi mai rahusa.  Ya shiga kasuwar hannun jari a Satumba 2019, aka kiyasta darajarsa ta kusa dala biliyan 9. Tun daga nan bai taɓa rufe shekara da riba ba. Kuɗin talla sun cinye shi, ƙungiyar ƙwararrun fannin ta Amurka ta yi ta kai ƙararsa gaban hukumomi, kuma a Disamba 2023 ya rufe da bashin kusan dala miliyan 900, ya bar masu jinya a tsakiyar aiki. Takwaransa Byte, wanda Dentsply Sirona ya saya a kan fiye da dala biliyan ɗaya, shi ma an dakatar da cinikinsa a Oktoba 2024.

Dalilin ba boyayye ba ne. Haƙori a cikin ƙashi yake tafiya, kuma hoton waya ba ya nuna saiwa, ba ya nuna ciwon dasashi da ya ci ƙashi. Matsa haƙorin da gindinsa ya yi rauni na iya kai shi ga girgiɗi har ya faɗi. Saboda haka dole a fara da dubawa ido da ido da hoton ƙashi. Bugu da ƙari, matsaloli masu tsanani har yanzu wayar ƙarfe suka fi ji.

Tsarin da ya fi dacewa da Kontagora shi ne na haɗin gwiwa: ƙaramin asibiti mai likitan haƙori da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ta yi wa rajista, da na'urar ɗaukar siffa guda, da yarjejeniya da ƙwararre a Abuja ko Kano wanda zai tsara aikin, ya riƙa duba hotuna, ya kuma zo da kansa lokaci-lokaci. Ɗan kasuwa na iya zuba jari, amma doka ba ta ba shi ikon taɓa bakin kowa ba.

Lissafin yana da wuya. Na'urar ta dubban daloli ce, kuma ita da robar da kuɗin manhajar duk da kuɗin waje ake biyansu. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura Naira 1,500, don haka duk wanda ya ci bashin dala yana karɓar Naira ya ji a jikinsa. Ga kuma wutar lantarki, wadda duk da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, ba mai buɗe asibiti a Jihar Neja ba tare da tanadin injin ko hasken rana ba. Tun da tsadar na'urar ba ta raguwa ko an yi aiki ko ba a yi ba, mafita ita ce yawan masu zuwa. Gyaran jeri kaɗai ba zai riƙe ta ba. Sai an haɗa da awon haƙoran roba da rufin haƙori, an kuma jawo jama'ar Rijau da Mariga da Magama da Mashegu, har da Yawuri da Zuru a Jihar Kebbi. Biyan kuɗi kashi-kashi, musamman a daidaita shi da kaka lokacin da manomi ya sayar da masara da wake, zai fi jawo mutane fiye da neman kuɗi dunƙule.

Ta fuskar horo kuwa, annobar korona ta 2020 ta tilasta wa makarantu koyarwa ta intanet, kuma abin ya zauna. Likitan da ke Kontagora na iya halartar darasi daga Ikko, ya kuma nazarci surar bakuna da dama a kwamfuta. Amma lanƙwasa waya da manna ta a haƙori aikin hannu ne, kuma takardar ƙwarewa tana fitowa ne daga Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa ko takwararta ta Afirka ta Yamma bayan shekaru na aiki a asibitin koyarwa. Haka kuma hotunan baki da bayanan mai jinya suna ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, saboda haka duk asibitin da zai riƙa tura su wani gari ko wata ƙasa sai ya nemi yardar mai su, ko ta iyayensa in yaro ne.