Darasin Lissafi: Kwano Nawa na Gero, Nawa na Dawa?

Yau darasinmu a kasuwa yake, sai a ɗauko takarda da alƙalami.

A ƙaddara mahaifiyarka tana yin garin kunu na gero da dawa, ana kai mata talla bakin kasuwar Ƙofar Wambai. Kwanon gero N1,200, na dawa N800. Tana so ta haɗa kwano 20, kowane ya tsaya mata a N900 kafin ta ɗora riba. To, nawa za ta auna na kowanne?

Yawancinku za ku ce rabi da rabi. Kul! Goma da goma N20,000 ke nan, alhali N18,000 ta yi niyyar kashewa. N2,000 sun zube daga jari.

Abin da ba mu sani ba shi ne yawan geron, sai mu kira shi x. Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, malamin da ya rubuta littafin Aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya, "shai'un" yake ce masa, wato "abu". Ka ga ashe ilmin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, har rabon gado ya yi bayani da shi.

In gero x ne, dawa ita ce abin da ya rage: 20 − x. A nan yara suka fi tuntuɓe, don haka ka tsaya ka fahimta. Kwanuka ba a haɗa farashinsu, kuɗin da aka kashe ake haɗawa. Kuɗin gero da kuɗin dawa dole su yi daidai da kuɗin haɗin duka:

1,200x + 800(20 − x) = 18,000
1,200x + 16,000 − 800x = 18,000
400x = 2,000
x = 5

Gero kwano 5, dawa 15. Gwada ka gani: 6,000 da 12,000 sun ba da 18,000 cif.

Iyaye, a lura: haɗi halal ne matuƙar an gaya wa mai saye abin da ke ciki. In aka ɓoye, aka ce gero ne zalla, ya zama algus, shari'a kuwa ta hana.

Aikin gida: gero N1,500, dawa N1,000, ana son kwano 30 a kan N1,200. A kawo wa malamin aji amsa ranar Asabar, in Allah ya kai mu.