BAƘO DA LADAN GUMINSA: NAZARI A KAN GYARAN DOKAR SHIGE DA FICE A AMURKA

A darasinmu na wannan wata za mu duba wata tambaya da ta daɗe tana damun Ikkilisiya a ƙasar Amurka: mene ne haƙƙin mutumin da ƙasa take cin moriyar aikinsa, amma dokarta ba ta san da zamansa ba? Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 14 ne suke zaune a Amurka ba tare da cikakken izinin zama ba. Ma'aikatar noma ta ƙasar kuma ta nuna cewa kusan huɗu cikin kowane goma na leburorin da ake ɗauka aikin shuka da girbi ba su da izinin aiki. Ban da gonaki, ana samun irin waɗannan mutane a masana'antun nama, da wuraren gini, da gidajen da suke renon yara da kula da tsofaffi. Za mu fara da Maganar Allah, mu bi da tarihi, sa'an nan mu ji koyarwar Ikkilisiya.

1. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Shari'ar Musa ta haɗa zancen baƙo da zancen lada wuri guda. A Littafin Firistoci, sura 19, an hana Isra'ilawa cutar baƙon da ya sauka a ƙasarsu, an kuma tuna musu cewa su ma sun ɗanɗana baƙunci a Masar. A Maimaitawar Shari'a, sura 24, an umarci mai gona ya sallami matalaucin da ya yi masa ƙwadago a ranar da ya yi aikin, kuma an ambaci ɗan ƙasa da baƙo tare, don kada wani ya ce umarnin bai shafi baƙo ba. Dalilin a fili yake. A zamanin nan a ƙofar gari ake yanke shari'a, a gaban dattawa. Ɗan gari yana da dangin da za su tsaya masa, baƙo kuwa shi kaɗai yake. Wanda ba shi da mai tsaya masa, shi ne ya fi sauƙin cuta.

A Sabon Alkawari, Matiyu ya ba mu labarin yadda Yusufu ya gudu da Maryamu da jariri Yesu zuwa Masar saboda Hirudus. A sura 25 ta Bisharar kuma, Ubangijinmu ya sa karɓar baƙo cikin abubuwan da za a tambaye mu a ranar shari'a. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba 1867, ya lissafta zaluntar baƙo da danne ladan ma'aikaci cikin zunuban da kukansu yake kaiwa sama.

2. Yadda matsalar ta samo asali

A shekarar 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samarin Amurka daga gonaki, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Meziko don kawo leburori na ɗan lokaci. Shirin, wanda aka sani da suna Bracero, ya ci gaba har 1964, kuma an rubuta kwangilolin aiki kusan miliyan 4.6 a ƙarƙashinsa. Da aka rufe shi, gonakin ba su daina bukatar hannu ba. Dokar shige da fice ta 1965 ta kawar da fifikon da ake bai wa mutanen arewacin Turai, abin yabo ne ƙwarai, amma ita ce kuma ta fara ƙayyade yawan masu shigowa daga ƙasashen nahiyar Amurka. Saboda haka mutanen da suka saba zuwa girbi su koma gida suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu sunansu baƙin haure.

Akwai wata tsohuwar ɓaraka kuma. Dokar ƙwadago ta 1935, wadda ta kāre haƙƙin ma'aikata na kafa ƙungiya, ta bar leburorin gona da masu aikin gida a waje. A watan Satumba na 1965 leburorin inabi 'yan asalin Filifin a garin Delano na jihar Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Larry Itliong, suka shiga yajin aiki, 'yan asalin Meziko suka mara musu baya. A 1966 suka yi tattaki zuwa Sacramento, babban birnin jihar, da tutar Uwargidanmu ta Guadalupe a gaba. Yajin ya ɗauki shekara biyar, kuma kwamitin da bishop-bishop na ƙasar suka kafa ya taimaka wajen sasantawar da ta kai ga sa hannu a 1970. Sai dai masu gonaki sun riƙa kawo marasa takardu don karya yajin aiki, har wasu shugabannin ƙwadago suka ɗauke su abokan gāba. Rashin takardar wani talaka ya zama sandar dukan ɗan'uwansa talaka.

3. Gyaran 1986

A watan Nuwamba na 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan babbar dokar gyara. Dokar ta buɗe ƙofar samun izinin zama ga waɗanda suke ƙasar tun kafin 1982, da wasu leburorin gona; kusan mutum miliyan 2.7 suka amfana. Ta kuma sa hukunci a kan duk wanda ya ɗauki marar izini aiki da saninsa. Ofisoshin Katolika sun taimaki jama'a da yawa wajen cika takardu, kuma a 1988 bishop-bishop suka kafa cibiyar lauyoyi mai suna CLINIC don ci gaba da wannan hidima.

Dokar ta share hawayen waɗanda suka riga suka shigo, amma ba ta yi isasshiyar halattacciyar hanya ga masu zuwa daga baya ba. Masu ɗaukan aiki suka koma fakewa da 'yan kwangila da takardun jabu, nauyin laifin ya sauka a kan lebura. A 2002 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu, ta yanke cewa marar izinin da aka kora saboda aikin ƙungiyar ƙwadago ba za a biya shi albashin lokacin da ya yi a kore ba.

4. Abin da tsoro yake haifarwa

A ranar 12 ga Mayu 2008 jami'an shige da fice suka kai samame wata masana'antar nama a Postville, wani ƙaramin gari a jihar Iowa, suka kama ma'aikata 389, akasarinsu 'yan Guwatamala. Iyalansu, mata da yara, suka nemi mafaka a majami'ar Katolika ta Santa Birjit, inda suka kwana ana ciyar da su. Bincike ya nuna cewa har da yaran da shekarunsu ba su kai ba a cikin masu aikin wurin.

Mu lura da yadda abin yake tafiya. Ma'aikacin da ya san cewa kai ƙara zai iya jawo a kore shi daga ƙasa ba zai buɗe baki ba, ko an rage masa albashi, ko injin ya cire masa yatsa. Mai masana'antar da ya gane haka zai fi son irin wannan ma'aikaci a kan ɗan ƙasa, daga nan albashin kowa ya faɗi. Shi ya sa masu fafutuka suke cewa kāre haƙƙin baƙo kāre haƙƙin ɗan ƙasa ne.

5. Koyarwar Ikkilisiya

Tun 1891 Paparoma Leo na 13, a wasiƙarsa Rerum Novarum, ya koyar cewa ladan da lebura ya karɓa don yunwa ta tilasta shi bai zama adalci ba don kawai ya amince. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a Laborem Exercens, ya ƙara da cewa ma'auni ɗaya ne za a auna aikin baƙo da na ɗan ƙasa, kuma kada halin ƙuncin da baƙo yake ciki ya zama hanyar cin guminsa.

A watan Janairu na 2003 bishop-bishop na Amurka da na Meziko suka fitar da wasiƙar haɗin gwiwa mai ka'idodi biyar. Na farko, mutum yana da haƙƙin samun abin rufin asiri a ƙasarsa, don kada dole ta fitar da shi. Na biyu, idan hakan ya gagara, yana da haƙƙin yin ƙaura don ciyar da iyalinsa. Na uku, kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakokinta. Na huɗu, a ba 'yan gudun hijira kāriya. Na biyar, a kiyaye mutuncin marar takardu.

Sau da yawa masu gardama sukan ɗauki guda daga cikin biyar ɗin su bar sauran. Ikkilisiya ba ta ce a rushe iyaka ba. Katikisim, a lamba 2241, ya yarda hukuma ta gindaya sharuɗɗa saboda amfanin jama'a, ya kuma ɗora wa baƙo nauyin bin doka da girmama al'adun masu masaukinsa. Abin da Ikkilisiya ta ƙi shi ne ƙasa ta riƙa cin amfanin hannun mutum shekara da shekaru, ta kuma bar shi cikin halin da kowa zai iya taka shi.

6. Inda aka tsaya

Tun daga 1986 ba a sāke yin babban gyara irin wancan ba. A 2013 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri da ƙuri'a 68 a kan 32, amma Majalisar Wakilai ba ta kaɗa ƙuri'a a kansa ba. A 2012 Shugaba Barack Obama ya ƙirƙiro shirin DACA don ɗage korar waɗanda aka shigo da su suna yara. Sama da mutum 800,000 sun amfana, amma shirin bai ba su hanyar zama 'yan ƙasa ba. A watan Fabrairu na 2025 Paparoma Fransis ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka yana nuna damuwa a kan shirin korar baƙi da yawa a lokaci guda, kuma a watan Nuwamba na shekarar, a taronsu na Baltimore, su ma suka fitar da saƙo na musamman suna adawa da korar da ba ta tantance kowa.

7. Abin da ya shafe mu

Mu a Afirka ta Yamma mun san ɗacin wannan abu ta fuska biyu. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, 'yan Najeriya da yawa suka dawo hannu wofi. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka, kusan 'yan Gana miliyan ɗaya suka bar Najeriya. Wanda aka kora jiya shi ya kori wani yau, kuma tunin da Musa ya yi wa Isra'ilawa game da Masar ya hau kanmu. A yau ma, ɗan ci-ranin da yake gadin ƙofarmu, da yarinyar da aka kawo mana aikin gida daga ƙauye, da leburan da ya zo mana girbi, dukansu ba su da dangin da za su tsaya musu a garinmu. Idan ladansu yana makara a hannunmu, maganar wannan darasi da mu take.

Tambayoyi don tattaunawa a zumunta

1. Me ya sa Shari'ar Musa ta ambaci baƙo da sunansa a zancen biyan lada?
2. Cikin ka'idodi biyar na wasiƙar 2003, wacce ce ta fi mana wuyar karɓa, kuma don me?
3. Su wane ne baƙi ma'aikata a unguwarmu, kuma wa suke kai wa kuka idan an cuce su?

Addu'a

Ya Allah Uba, kai da ka kiyaye Iyali Mai Tsarki a ƙasar baƙunci, ka dubi dukan masu neman abinci nesa da gida. Ka ba masu yin doka hikima da tausayi, mu kuma ka ba mu hannu mai saurin biyan haƙƙi. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.