Kashi Ɗari Bisa Ɗari a Allon Ƙofa: Ina Sauran Yaran Suka Tafi?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BEPC da BAC ya fito a tsakiyar damina, sai allunan talla su cika bakin titi daga Parakou har Djougou. Wannan makaranta ta ci kashi 100, waccan kashi 98, kuma da yawansu sun liƙa wa sunansu "International" ko "Bilingue". Bayan haka sai tambaya iri ɗaya ta riƙa zuwa mini daga masu makarantun kuɗi: "Malam, nawa za ka karɓa ka rubuta mana tsarin inganta makaranta, irin wanda makarantun ƙasa da ƙasa ke da shi?" Wani har ƙarawa yake yi da cewa yana so ya same shi kafin a dawo daga hutu, don ya nuna wa iyaye ranar rajista.

Na gaji da wannan tambaya, shi ya sa zan amsa ta a nan gaba ɗaya. Alhaji, ba a sayen tsarin nan. Wanda duk ya ce zai zauna a ɗakinsa ya rubuto maka shi ba tare da ya shiga ajinka ko ya buɗe rajistar ɗalibanka ba, takarda zai sayar maka, kuma mai yiwuwa takardar wata makaranta ce ya sauya mata suna. Na ga irinsu a ofisoshin direktoci, an yi musu bango mai ƙyalli, malaman makarantar ko sau ɗaya ba su taɓa karanta su ba.

Kalmar "International" kuwa, mai fenti ne ke rubuta ta, kuma kowa na iya biyansa. Makarantun da suka cancanci sunan akwai wanda ke sa musu ido daga waje. Ƙungiyar IB, wadda aka kafa a Janeba a 1968, ba ta barin makaranta ta koyar da manhajarta sai ta tantance ta, sannan takan dawo duk shekara biyar ta sake dubawa. Jarrabawar IGCSE ta Cambridge sai makarantar da aka yi wa rajista ke gabatar da ita. Makarantun da ke bin manhajar Faransa, irin su Montaigne da ke Kwatano, sai ma'aikatar ilimin Faransa ta amince da su. Abin da masu tantancewar nan ke nema kusan ɗaya ne: makaranta ta binciki kanta, ta faɗi inda take da rauni da hujja, ta faɗi abin da za ta yi, idan aka dawo kuma ta nuna abin da ya sauya. Saboda haka duk uban da aka nuna wa wannan kalma a allo yana da haƙƙin ya tambaya: wa ya tantance ku, a wace shekara, ina takardar? Makarantar da ke koyar da manhajar Benin da ƙarin sa'o'in Ingilishi ba laifi ta yi ba, ta dai faɗi hakan.

Wannan dabara ta bincikar kai da gyara ba a makaranta aka haife ta ba. A masana'antu ta taso, kuma Ba'amurken nan W. Edwards Deming ya koyar da ita ga shugabannin kamfanonin Japan tun daga 1950: ka tsara ƙaramin gyara, ka gwada, ka auna abin da ya fito, ka riƙe ko ka yar, ka sake zagayowa. Ƙarfinta duk yana wurin awo. Idan awon ƙarya ne, duk abin da aka ɗora a kansa ya rushe. A nan ne maganar kashi ɗari ta shigo, kuma a nan zan tsaya in daɗe.

Kowa a harkar nan ya san yadda ake haɗa kashi ɗari, ana dai jin nauyin faɗa ne. Yaron da ba ya kai maki 10 cikin 20 a ajin katiriyam, wato aji na uku na sakandare, sai a ce ya maimaita, ko a kira uban a ce ya nema masa wata makaranta. Wanda ya lallaɓa ya shiga turwaziyam, ajin da ake zana BEPC, amma jarrabawar gwaji ta nuna zai faɗi, sai a shawarci iyayensa su yi masa rajista a matsayin mai zaman kansa, don kada faɗuwarsa ta shiga lissafin makaranta. Waɗanda suka rage su ne dama za su ci ko a ina aka kai su. Sai a buga allo.

Mu ɗauki misali don a gane. A ce yara 60 suka shiga siziyam, ajin farko na sakandare. Bayan shekara huɗu, 22 daga cikinsu suka zauna BEPC da sunan makarantar, duka suka ci. A allon ƙofa kashi 100 ke nan. A gaskiyar lamari kuwa, cikin yara 60 da iyaye suka damƙa amana, 22 aka kai gaci, wato ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya. Ina 38? Wasu suna maimaita aji, wasu sun koma makarantar gwamnati, wasu suna kabu-kabu, wasu sun tsallaka Najeriya aikin gona don su dawo da babur kamar yadda samarin yankin Donga da yawa ke yi, 'yan mata kuwa an ɗaura wa wasunsu aure. Wata makarantar da ta riƙe yara 50 cikin 60 har zuwa jarrabawa, 38 suka ci, allonta zai nuna kashi 76, iyaye su wuce ta suna taɓe baki, alhali ita ta fitar da yara 16 fiye da mai kashi ɗarin. Wannan lissafi ba ya bukatar digiri, amma ban cika ganin mai makarantar da ke yin sa ba, kuma iyayen da ke tambayarsa sun fi haka ƙaranci.

Ina nanata wannan ne domin makarantar da ta saba auna kanta da kashin masu cin jarrabawa ba za ta taɓa gyaruwa ba, ko da mai ita na da kyakkyawar niyya. Hanya mafi sauƙi ta ɗaga wannan lamba ita ce korar mai rauni, kuma malamai ba wawaye ba ne, sun san abin da ake yaba musu a kai. Malamin lissafi zai koyar da layin gaba, ya bar na baya su yi ta kwafa. Mai kula da karatu, wanda ake kira sansar, zai fara zana jerin waɗanda za a sallama tun watan Janairu. Kowa na aiki tuƙuru, amma aikin tankaɗe ake yi, ana zubar da tsaki ana alfahari da gari. Yaron da ya fi bukatar makaranta shi ne farkon wanda take rabuwa da shi, kuma kuɗin ubansa na shekara uku ya riga ya shiga asusu.

Dalilan da ke sa yaran ke zubewa ba ɓoyayyu ba ne. Yaro ya tashi da Dendi, Yom, Lokpa, Bariba, Fulatanci ko Hausa a gida, ya gama firamare da takardar CEP amma bai iya karanta shafi guda na Faransanci ya gane ba. Binciken PASEC na 2019 a ƙasashe 14 na Afirka masu amfani da Faransanci ya nuna fiye da rabin ɗaliban ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Ga malaman haya masu zagaya makarantu uku ko huɗu a mako, ga kora saboda bashin kuɗin makaranta, ga gona. Tun da aka soke kuɗin firamaren gwamnati a 2006 yara sun ƙaru sosai, sakandare ce ta gaji cunkoson.

To, me za a yi? Ba zan tsaya bayanin cewa makaranta na bukatar rajistar halarta da jadawali ba. Wanda bai da waɗannan ba gyara yake bukata ba, buɗe makaranta yake bukatar koya.

Abu na farko littafi ne guda, ko shafi a kwamfuta ga mai ita, da ke bin kowane rukuni na yara da sunayensu tun ranar da suka shiga siziyam. Duk ƙarshen shekara a rubuta gaban kowane suna: ya wuce, ya maimaita, ya fita. Wanda ya fita a rubuta dalili na gaskiya, bayan an tambayi gidansu, kada a rubuta "ya bari" kawai. A raba maza da mata. Ku koma baya shekara huɗu ku cike na waɗanda suka riga suka wuce, rajistocin suna nan cikin kabad. Ranar da kuka gama za ku ga ajin da yara ke zubewa da watan da suke zubewa, kuma sau da yawa ba inda kuke zato ba ne.

Daga nan ku zaɓi matsala biyu, iyaka uku, na shekara guda. Tsarin da ya jero manufofi ashirin ya riga ya mutu, don ba wanda zai tuna su balle ya bi su. Idan ni aka tambaya, ta farko kusan kullum karatu ce. A makonni biyun farko na shekara, a sa kowane ɗan siziyam ya karanta ɗan gajeren rubutu da ƙarfi na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a yi masa tambayoyi uku a kan abin da ya karanta. Malamai biyu za su iya gama aji a kwana kaɗan. Waɗanda suka gaza a ware musu rabin sa'a kullum, a rukuni ƙanana, da rubutu daidai ƙarfinsu, ba tare da an caji iyaye ƙarin kuɗi ba. Bayan mako shida a sake awon da rubutu mai nauyi iri ɗaya. Idan lambar ta motsa, a ci gaba. Idan ba ta motsa ba, a zauna a tambayi dalili, a sauya hanya, kada a jira Yuni.

Matsala ta biyu ta danganta da inda makarantar take, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa tsarin aro ba ya aiki. Makarantar da ke cikin garin Parakou, inda akwai jami'a tun 2001 kuma ana iya samun masu digiri da za su koyar, damuwarta na iya zama riƙe malami ya shekara biyu bai gudu ba. Wadda ke karɓar yara daga Pélébina da ƙauyukan da ke kudancin Djougou, damuwarta daban ce. Tsintar yazawa na kamawa daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, daidai lokacin da ake shirin jarrabawa, kuma gida na bukatar kowane hannu. Akwai ranakun kasuwa. Akwai yaran da aka kawo riƙo cikin gari wurin dangi, yarinya ta yi wanke-wanke da talla kafin ta zo, ta iso a gajiye. Idan rajista ta nuna fashi na hauhawa a Maris, to manufar ita ce rage fashin Maris da adadi sananne, kuma maganar da ƙungiyar iyaye za a yi ta tun Disamba, tare da limamai da masu unguwa, a daidaita ranakun da yaro zai je gona da ranakun da ba za a taɓa shi ba.

Kowace manufa a rubuta gabanta suna ɗaya da rana ɗaya. "Hukumar makaranta" ba suna ba ne. A ce Malam wane zai kawo sakamakon awon karatu ranar kaza. Sannan direkta ya tashi daga kujera. Kaye, wato littafin da malamai ke rubuta darasin da suka koyar, ba don sa hannu kawai aka yi shi ba, a gwada abin da ke cikinsa da abin da ke kayen yaron da ke layin ƙarshe. A shiga aji a zauna minti ashirin, a fito a gaya wa malami abu guda da zai gyara, a dawo bayan mako biyu a gani. Zaman da malaman darasi ɗaya ke yi a tsakaninsu a daina cinye shi da sanarwa, a kawo takardun yara a baje, a ga tambayar da kowa ya faɗi.

Duk wannan shafi biyu ya ishe shi, kuma kuɗinsa bai kai na fentin katanga ba. Amma akwai kuɗin da ba makawa: albashin malami a kan lokaci. Mai makarantar da malamansa ke bin sa albashin wata biyu, ya sayi motar ɗaukar ɗalibai da kwamfutocin da aka lulluɓe da zane, kada ya kira ni. Malamin da bai san ranar da za a biya shi ba zai nemi wata makaranta ta uku, kuma ba za ka iya neman ya zauna bayan tashi ya koyar da masu rauni ba. Haka masu zuwa duba makarantu da ke tsayawa a ofis, su sha ruwa, su sa hannu a littafin baƙi su tafi ba su leƙa aji ba, suna da kaso a wannan lalacewa.

Iyaye, musamman 'yan'uwana na Zongo, ku ma ba ku kuɓuta ba. Mutum ya biya jaka ɗari da wani abu a shekara, amma bai taɓa buɗe jakar ɗansa ba, hujjarsa wai bai iya Faransanci ba. Baba, ba sai ka iya ba. Kana iya duba kwanan wata a kaye ka ga ko an yi darasi jiya, kana iya ganin ko jan biro ya taɓa shafin, kana iya sa yaro ya karanta maka ya fassara da Hausa ko Dendi ka ji ko maganar na da kai. Hajiya, ke da ke riƙe lissafin bashin kasuwa a ka, ƙirga ranakun da 'yarki ta yi fashi ba zai gagare ki ba. Ranar rajista kuma, kafin ku miƙa kuɗi, ku tambayi direkta yara nawa suka shiga siziyam shekara huɗu da suka wuce, nawa daga cikinsu suka zauna BEPC bana da sunan makarantar, da abin da suke yi wa yaron da ya zo bai iya karatu ba. Idan ya buɗe littafi ya nuna muku, ko da lambar ba ta da daɗin ji, ku yi rajista. Idan ya nuna muku allon ƙofa, ku je makaranta ta gaba ku yi tambayar.