Wayata Ta Ƙi Sabuntawa Sai da Wi-Fi

Tambaya: Malam, wayata kullum sai ta ce in sabunta manhajarta, amma da na danna sai ta ce sai an samu Wi-Fi. Ga data ina da ita, ba mu da Wi-Fi a gida. Ko wayar ce ta lalace? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, wayarki lafiyarta ƙalau. Da gangan masu ƙera ta suka sa wannan shinge, domin babbar sabuntawa takan haura gigabait 1, wani lokaci har ta ninka haka. Suna gudun ta lashe datar mutum bai sani ba, ko sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki sa layinki a wayar wani na gida, ya kunna hotsifot, ke kuma ki jona taki. Wayar za ta ɗauke shi a matsayin Wi-Fi. Idan Android ce kuma ta ci gaba da ƙi, shiga saitin wannan haɗin ki nuna mata ba mai iyaka ba ne. Datar dare ta fi araha, ki bari sai lokacin. Masu Samsung kuma suna iya yi ta kwamfuta da manhajar Smart Switch.

Kafin ki fara, caji ya wuce kashi 50, ki share tarkace don a samu wuri, ki adana hotunanki.

Don Allah kada ki yi ta ɗagewa. Sabuntawar nan ce ke toshe ƙofofin da 'yan damfara ke bi, musamman idan kina hada-hadar banki da wayar.