Amsar Tambaya: Wasiƙar Neman Aiki

Tambaya: Na gama karatun akanta a Kaduna Polytechnic, na yi bautar ƙasa, ina zaune a Unguwar Dosa. Na kai takardun neman aiki wurare da dama, shiru kake ji. Wasiƙa ɗaya nake bugawa a shagon kwamfuta a Kawo, ina raba wa kowa. Ina gyaran yake?

Amsa: Ƙanena, Allah ya buɗa. Gyaran yana cikin wasiƙar nan guda. Mai tantancewa yana ɗaga takarda zai gane ta gama-gari ce, wani lokaci har da sunan wani kamfani da aka manta ba a goge ba.

Kowane wuri rubuta masa tasa, shafi ɗaya. A layin farko faɗi gurbin da kake nema da inda ka ga tallarsa. Sannan ka shiga abin da hannunka ya taɓa yi. Kowa yana cewa shi mai ƙwazo ne da riƙon amana. Kai ka ce, alal misali, lokacin bautar ƙasa ka riƙe littafin kuɗin makaranta, ka mayar da shi kan Excel, ko kana yi wa shagon kawunka lissafin kaya duk ƙarshen wata. Kada ka raina wannan, aiki ne.

Abin da ya fi damuna shi ne roƙo. Cire maganar talauci da nauyin iyaye. Tausayi ba ya cike gurbi.

Ka ba wani malaminka ya duba Turancin. In ta imel ce, tura ta a PDF, da lambar wayar da kullum take kunne.