Darasin Kiwon Lafiya: Tsere Uku da Abin da Manomi Zai Koya Daga Gare Shi

Darasinmu na yau ya shafi jiki da yadda ake horar da shi. Za mu ɗauko misali daga wata gasa da ake yi a ƙasashen duniya, wadda Faransawa ke kira tiriyatlon, mu kuwa za mu kira ta tsere uku. Kada wani ya ce wannan wasan masu kuɗi ne, babu ruwan talaka da shi. Abubuwa ukun da ake yi a cikinta, wato iyo da tuƙa keke da gudu, babu wanda yake baƙo a ƙasarmu. Bambancin kawai shi ne, masu wannan gasa suna shirya jikinsu da ilimi, mu kuwa sau da yawa mukan afka wa aiki mai tsanani ba shiri.

1. Mene ne tsere uku?

Gasa ce guda ɗaya mai kashi uku a jere, ba hutu a tsakani. Mutum ya fara da iyo, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka daga keke ya kama gudu. Agogo ba ya tsayawa har lokacin da mutum yake sauya tufafi da takalma.

An fara ta a irin tsarin da aka sani yanzu ranar 25 ga Satumba 1974, a garin San Diyego na ƙasar Amurka, da mutum 46. Ba ƙwararrun ƴan wasa ba ne, masu sha'awar motsa jiki ne kurum. A 1978 aka yi wata mai tsawo ƙwarai a tsibiran Hawai, wadda ake kira Ironman, ma'ana mutumin ƙarfe. Mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe, wanda ya zo na ɗaya kuma, Gordon Haller, sai da ya yi awa 11 da minti 46. A 1989 aka kafa ƙungiyar wannan wasa ta duniya a garin Abinyo na Faransa, sa'an nan a shekara ta 2000 aka shigar da shi wasannin Olamfik a birnin Sidni na Ostareliya.

Ga tsawon kowace irin gasa:

Ƙarama: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5.
Ta Olamfik: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10.
Babba: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.

Don ku gane nisan, kilomita 180 ya yi kusan tafiya daga Maraɗi zuwa Katsina da dawowa. Mafi yawan masu shiga waɗannan gasanni ba sana'arsu ke nan ba. Malamai ne da ƴan kasuwa da ma'aikata da matan aure, har da tsofaffi. Ba ƙarfin haihuwa ya kai su ba, horo ne na watanni.

2. Ina ruwanmu da wannan?

Ku dubi rayuwarmu. Gulbin Gabi yana kai ruwa tabkin Madarumfa, kuma yaranmu da masunta kullum suna cikin ruwa idan ya kawo. Keke shi ne dokin talaka: da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake kai buhun hatsi, da shi ake kai mara lafiya gidan likita. Gudu da doguwar tafiya kuwa, makiyayi da mai zuwa itace dajin Babban Rafi sun san su sarai.

Amma akwai wani babban tsere da kowane manomi yake shiga kowace shekara, shi ne damina. Da ruwan shuka ya sauka, sai shuka, sai noman fari, sai maimai, duk a jere ba hutu. Mutum ya yi watannin rani yana zaune a tasha ko gindin itace, rana ɗaya ya ɗauki hauya tun asuba har azahar. Bayan kwana uku sai ciwon baya da na ƙugu su kwantar da shi, haki kuma ya cinye gona. Wanda ya rasa mako guda a lokacin noman fari, a rumbu zai ga asararsa. Saboda haka darussa huɗu na masu tsere uku sun shafe mu kai tsaye.

3. Darasi na farko: sannu ba ta hana zuwa

Jiki kamar gona yake. Ba a zuba takin shekara biyar rana ɗaya. Idan mutum ya yi aikin da ya ɗan fi wanda ya saba, naman jikinsa yakan gaji, sa'an nan a lokacin hutu da barci ya gyaru ya ƙara ƙarfi. Zuciya ma nama ce: idan ana horar da ita, takan tura jini mai yawa a kowane bugu, sai haki ya ragu. Amma jijiyoyi da gaɓoɓi ba su saurin sabawa kamar zuciya, shi ya sa mai gaggawa yakan ƙare da ciwon gwiwa ko na agara.

Masu tsere uku suna bin ƙa'idoji kamar haka. Ƙari kaɗan-kaɗan kowane mako. Kwana ɗaya aƙalla na hutu cikin mako. Mafi yawan horo a yi shi a hankali, yadda mutum zai iya magana da abokinsa yana cikin gudu. Ƴan kokawarmu ma sun san wannan. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, babu ɗan kokawar kirki da ke shiga fili ba tare da makonni na shiri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar. Ga misalin shiri na mako takwas kafin damina:

Mako 1 da 2: tafiya da sauri minti 30, sau uku. Keke minti 30, sau ɗaya.
Mako 3 da 4: gudu minti 2, tafiya minti 3, a maimaita sau shida. Keke minti 40.
Mako 5 da 6: gudu a hankali minti 15 zuwa 20. Keke awa ɗaya. Sassabe ko kai taki gona awa ɗaya, sau biyu.
Mako 7 da 8: keke minti 40, a sauka nan take a yi gudu minti 10. A ƙara aikin hauya a hankali.

Wanda ya sauka daga keke ya fara gudu zai ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Ba ciwo ba ne, jiki ne yake koyon sauya aiki, kuma da sabo yakan ragu.

Wanda ya wuce shekara 40, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko amosanin jini, ya fara zuwa gidan likita a auna shi. Mai zazzaɓi ya huta har ya warke. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take.

4. Darasi na biyu: zafi da ruwan sha

A watan Afrilu da Mayu zafi a jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40. Mai aiki tuƙuru cikin irin wannan rana yana iya zubar da zufa lita ɗaya ko fiye cikin awa guda. Idan ba a mayar da ruwan ba, jini yakan ragu, zuciya ta wahala, jiki ya kasa sanyaya kansa.

Zafi ba ya jin kunyar gwani. A 2016, a wata gasar duniya a ƙasar Meziko, ɗan Ingila Jonny Brownlee yana kan gaba, saura ƴan ɗaruruwan mita ya gama, sai zafi ya rinjaye shi ya fara tangaɗi. Wansa Alistair ne ya riƙe shi ya kai shi ƙarshen layi. Ni kaina na taɓa ɗanɗana wannan. Wata rana da bazara na hau keke zuwa duba wata cibiyar karatu, na tashi da hantsi ba goran ruwa. A hanyar dawowa cikin rairayi kaina ya sara, idona ya yi duhu, sai da wani makiyayi ya zaunar da ni inuwa ya ba ni ruwa. Tun daga ranar ban sake hawa keke ba ruwa ba.

Abin yi shi ne:

A yi horo da aiki mai nauyi da sassafe ko bayan la'asar.
A sha ruwa kafin a fita, a riƙa kurɓa lokaci-lokaci, kada a jira ƙishirwa ta yi tsanani.
A duba fitsari. Idan ya yi duhu kamar shayi kuma kaɗan ne, ruwa ya yi ƙaranci.
Idan zufa ta yi yawa, a sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.
Jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba aiki cikin zafi.
Da azumi a rage horo, a mayar da shi bayan buɗa baki.

Idan mutum ya rikice cikin rana, yana sambatu ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun rana ne kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi gidan likita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

5. Darasi na uku: ruwa ba ya da aboki

A gasar tsere uku ba a barin kowa ya yi iyo sai da masu tsaro cikin jirage. Wannan doka ce da ta kamace mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara da matasa kuwa suna da yawa a cikinsu. Gulbi idan ya kawo yana da ƙarfi da ramuka da ba a gani. Kada kowa ya yi iyo shi kaɗai. Mai koyo ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, yana bin gefen gaɓa. Idan wani yana nutsewa, wanda bai gwanance ba kada ya faɗa ruwa, domin mai nutsewa yakan riƙe mai cetonsa su tafi tare. A miƙa masa sanda ko igiya ko rawani, ko a jefa masa jarka rufaffiya ko gora.

Haɗari na biyu shi ne tsargiya. Mai cutar idan ya yi fitsari cikin tabki, ƙwayayen tsutsa sukan ƙyanƙyashe su shiga katantanwar ruwa. Daga can su fito su huda fatar mai wanka ko mai su ko mai ban-ruwa. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Wasu suna cewa alamar balaga ce ga yaro, wannan kuskure ne. Cuta ce mai rage jini, mai lalata mafitsara da ƙoda idan ta daɗe. Maganinta firazikwantel, kuma tun 2004 Nijar ta soma rarraba shi ga ƴan makaranta a wuraren da cutar take. Duk mai shiga ruwan tabki ya karɓi magani idan an zo rabo, ya je gidan likita idan ya ga jini, kuma kada a yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko bakinsa.

6. Darasi na huɗu: abinci da hutu, ban da ƙwaya

A 1982, a gasar Hawai, wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba cikin mata, ƙarfinta ya ƙare dab da ƙarshe, har sai da ta kai layi da rarrafe. Jikin da ya ƙone abincinsa ba ya tafiya da ƙarfin zuciya kawai. Ba mu bukatar abincin gwangwani. Fura da tuwo da kunu suna ba da ƙarfi. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da ƙwai da kifin tabki suna gina jiki. Zogale da kuka da tumatir da mangwaro suna kare shi. A ci wani abu kafin a fita gona, a sake ci bayan an dawo, a kuma sami barci isasshe.

Wasu samari suna shan taramol don su yi noma ba gajiya. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo take yi. Gajiya da ciwo ƴan aike ne masu cewa a tsaya. Wanda ya toshe bakinsu zai yi ta aiki har ya ji rauni bai sani ba. Ƙwayar tana kawo farfaɗiya, tana kama mutum ya kasa bari, tana cinye kuɗin taki. Rigakafi ya fi magani: mako takwas na shiri sun fi kowace ƙwaya.

Kada a manta da keken kansa. A duba birki da iskar taya da sarƙa kafin tafiya. A daidaita sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, domin gajeren sirdi yana kawo ciwon gwiwa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne wasanni uku ne ke cikin tsere uku, kuma wanne ake farawa da shi?
2. Mutum yana tafiya minti 30 sau biyar a mako. Minti nawa ke nan cikin mako huɗu?
3. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari?
4. Ta wace hanya tsargiya ke shiga jiki?
5. Me za ka yi idan ka ga yaro yana nutsewa alhali ba ka iya iyo ba?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ja layi bakwai a littafinsa, ya rubuta kwanakin mako, ya riƙa rubuta mintocin da ya yi yana tafiya ko keke ko aikin gona. Malamin cibiya ya duba littattafan ranar karatu ta gaba, a haɗa lissafin a allo. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.