Yadda funfuna ke mayar da sitacin masara guba

A Gaya da Ajingi, idan damina ta yi tsaiko sannan ruwa ya dawo dab da kaka, akan ɓare zangarniyar masara a ga wani gari kore-kore mai ratsin rawaya ya lulluɓe kanta. Wannan funfuna masana na kiranta Aspergillus flavus, ita ce ke fitar da gubar afulatokzin mai lalata hanta.

Da farko ƙurar irinta kan sauka inda tsutsa ta huda ƙwaya ko fari ya tsaga ta. Da ta samu laima da ɗumi sai ta tsiro da zare siriri, ya kutsa ciki. Abin da za ta tarar sitaci ne, wato dogayen sarƙoƙi na sukari, waɗanda sun fi ƙarfin ta tsotse su. Sai ta tsiyayar da wani sinadarin narkarwa mai suna amiles. Danginsa ne ke cikin tsiron da mata ke zubawa a kunun zaƙi, har kunun ya tsinke ya yi zaƙi.

Ƙirar amiles ta isa a tsaya a duba. An gano ta a Japan a 1984 daga 'yar'uwar wannan funfuna, Aspergillus oryzae, wadda Japanawa ke sarrafa abinci da ita. Zare ne guda mai tubalan furotin 478, ya naɗe kansa kamar ganga: faifai takwas a ciki, murɗe-murɗe takwas kewaye da su, ga ƙwayar kalsiyam da ke riƙe shi kada ya warware. A bakinsa akwai wani kwari inda sarƙar sitaci ke kwanciya. Tubalai uku ne ke aikin a nan. Na 230 ya raunana mahaɗar sukari biyu, na 206 ya cafke gefe guda ya riƙe, na 297 ya daidaita zaman. Sai ƙwayar ruwa ta shigo ta ƙarasa yankan, gutsuren ya fice, wata sarƙar ta kwanta.

Wani sinadarin kan ƙara daddatsa gutsattsarin zuwa gulukos, funfunar ta sha, ta yi ƙarfi, ta harhaɗa guba da wani kasonsa. A 1999 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun kashe ƙwayar halittar da ke samar da amiles ɗin. Funfunar ta ci gaba da yin guba a kan gulukos, amma a kan sitaci ta kasa.

Abin da ya fi damuna shi ne dahuwa ba ta kashe gubar, ta tuwo ce ko ta ƙuli-ƙuli, domin gyaɗa ma ba ta tsira ba. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin irin wannan masara.

Manomi ba zai iya taɓa amiles ɗin ba, amma yana iya hana funfunar ruwa. A girbe da wuri, a shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, har laimar ta sauka ƙasa da kashi 13 cikin 100, ƙwaya ta riƙa fashewa ƙas a haƙori. A tsince masu huji da masu launi, kada a ba kaji, kada a ba saniyar tatsa, don gubar na bi ta nono. Buhuna su hau katako, nesa da bango. Tun a gona kuma akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar: dawa ce da aka shafe da irin funfunar marar guba, a watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure.